Ruwan da Bai Sauka a Garinmu Ba

Ni malamin gona ne, a wani gari da ke gaɓar kogin Haɗeja, can ƙasa da Ringim. Cikin abubuwan da na ɗora wa kaina ba tare da an sa ni ba akwai bitar yanayi ta wata-wata. Ina da ma'aunin ruwan sama a bayan gida, nesa da katanga da inuwar darbejiya, nakan duba shi kowace safiya in rubuta a littafi. Idan wata ya mutu sai in haɗa lissafi: ruwa nawa aka samu, sau nawa ya sauka, yaushe sama ta ɗauke, yaya shuka take a jigawa, yaya take a fadama. In cika shafi guda, a karanta a taron ƙungiyar manoma, sannan in naɗi muryata in tura ta WhatsApp saboda waɗanda ba su yi boko ba. Da tafiya ta yi tafiya mutane suka saba, har idan na makara sai a tare ni a bakin masallaci a ce, "Malam, ba mu ji ta watan nan ba."

A bitar Agustan 2022 na yi kuskure, kuma kuskuren ya ci dukiyar mutanen da suka yarda da ni.

Agusta shi ne tsakiyar marka. Iska biyu ke juya shekararmu: mai laima da ke tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, da busasshiya da ke gangarowa daga Sahara. Inda suka haɗu ba ya zama wuri ɗaya. Tun daga bazara mahaɗar take matsawa arewa, a Agusta ta kai iyakarta, har ta wuce Agadas, daga nan ta juyo. Saboda haka a wannan watan laima ta fi kauri a kan Kano da Jigawa da Damagaram, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan shekara a cikinsa yake zuba. Dattawa masu lissafin taurari sun san wannan tun kafin zuwan ma'auni. Kwanakin Ɗarfa da Jabha ne, lokacin da ake kwana ana tashi da ruwa, bango ya jiƙe, itace ya ƙi kamawa. Wanda duk ke bin yanayi a ƙasar nan yana jiran ganin alamar juyawar nan a ƙarshen wata, don daga ita ake fara ƙidayar sauran kwanakin damina.

A 2022 rabin farko na watan ya zo da nauyi. Gidajen ƙasa sun rurrushe a wurare da dama, musamman wajen Kafin Hausa, an yi asarar rayuka. Amma a garinmu, da watan ya doshi ƙarewa, sai sama ta sarara. Rana ta fito, hanya ta fara bushewa, mata suka shanya abin da ya yi funfuna a ɗaka. Na zauna da littafina na tara lissafi. Jimillar ta ɗara abin da muka saba gani, amma ba ta kai wadda za ta tsorata ni ba, kuma kwanakin ƙarshe duk babu komai a cikin ma'auni. Sai na rubuta cewa marka ta kai ƙarshe, mafi tsananin ruwa ya wuce, abin da ya rage na Satumba yayyafi ne da hadarin bankwana. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara shawara biyu. Na ce masu shinkafa a fadama su zuba taki na biyu tunda ta fara ɗaukar ciki, kada lokaci ya ƙure musu. Na kuma ce aikin gayya na ƙara wa jinga tsawo, wanda aka sa ranarsa, ana iya ɗaga shi har a gama yankan gero, tunda hannu ya yi ƙaranci.

Sai an tuna yadda taki yake a 2022 kafin a gane nauyin shawarar farko. Yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashinsa a duniya, ya iso kasuwanninmu har buhun yuriya ya fi ƙarfin talaka. Mutane da yawa sun riƙe kuɗinsu suna jiran su ga inda damina za ta nufa. Wasu ba su da kuɗin ma, sai dai su karɓi taki bashi a hannun 'yan kasuwa, a biya da shinkafa in kaka ta yi. Ba su san ko su zuba ko su haƙura ba, maganata ce ta raba musu gardama.

A wurin taron, bayan an gama karatu, wani dattijo masunci da ke zaune can gefe ya yi gyaran murya. Ba ya noman kirki, zuwa yake don zumunci. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri in sa baki. Kogi fa tashi yake. Kwana da kwanaki ba a yi ruwa ba, amma turken da nake ɗaure kwalekwale ya nutse. Kuma ruwan ja ne, da kumfa da tarkace. Wannan ba namu ba ne."

Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ragowar na makon jiya ne ke gangarowa. In sha Allahu zai janye."

Ya ce, "To, Allah ya sa," ya yi shiru. Ban raina shi a baki ba, amma a zuciyata na ɗauki maganarsa a matsayin fargabar tsoho, na ɗauki tawa a matsayin ilimi, don tawa ce ke da lambobi. Alhali shi ma awo ya kawo mini. Turkensa ma'auni ne, kuma abin da yake aunawa ya fi kusa da gonakin fadama fiye da abin da nake aunawa a bayan gidana.

Abin da na sani sarai, na kuma koyar da shi, amma ban sa shi a lissafi ba ran nan, shi ne cewa kogin Haɗeja ba a Jigawa aka haife shi ba. Kogin Kano yana tasowa daga duwatsun kudancin jihar Kano, ya cika madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Kogin Challawa yana zuwa daga yamma, ya bi ta tasa madatsar da aka gama a 1992. Su biyun suna haɗewa kafin Wudil, daga nan ruwan ya nufo Ringim, ya ratsa ƙasar Taura da Miga da Auyo, ya isa Haɗeja, ya bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru, ya sadu da na Jama'are a wajen Gashuwa, ya zama kogin Yobe har tafkin Chadi. Duk hadarin da ya zubar da ruwansa a Tudun Wada ko Rano ko Ƙaraye, rabonmu yana ciki. A farkon damina madatsun nan suna riƙe mafi yawansa. Idan suka cika, rarar dole ta bi hanyar da aka gina mata ta wuce, don madatsar da aka tilasta wa riƙe abin da ya fi ƙarfinta ɓallewa take yi. Mutanen Kano ba su manta da ta Bagauda a 1988 ba. Ke nan ƙarshen Agusta, daidai lokacin da sama ke sararawa, shi ne lokacin da kariyar da muke samu daga sama da mu take ƙarewa.

Daga Wudil zuwa ƙasa kuma shimfiɗar ƙasar ta canza. An bar ƙasar dutse an shigo ta rairayi, mai faɗi, marar gangare. Ruwa ba ya gudu a nan, tafiyar hawainiya yake, yana cika kowane kwari da kowane tsohon rafi kafin ya matsa gaba. Ga yashi da ya cike cikin kogin, ga ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa tun da kogin ya daina ƙafewa da rani. Shi ya sa ruwan da ya sauka a ƙasar Kano cikin Agusta yake ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ya gama isowa, kuma idan ya iso ba ya saurin tafiya. Mutanen Yawuri sun san irin wannan a kogin Kwara, inda ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini da damina sai cikin hunturu yake riskarsu. Namu bai kai wannan jinkiri ba, amma hali ɗaya ne. Ni kuwa na ja layi a ƙarƙashin 31 ga Agusta na rufe lissafi, ruwan watan yana kan hanya.

Cikin Satumba ya iso. Mun fara jin labarin Ringim, sannan garuruwan da ke tsakaninmu da ita ɗaya bayan ɗaya. Ruwan sama ma bai ɗauke yadda na ce ba, ya dawo ya ƙara a kan na kogi. Aka fito aikin jinga da gaggawa, dare da rana, matasa na cika buhuna da ƙasa a hasken fitilar waya, aikin da da an yi shi a ranar da aka sa tun farko da an yi shi a busasshiyar ƙasa cikin natsuwa. Allah ya taimaka cikin gari ya tsira, sai gidajen gefe. Fadama kam ta tafi gaba ɗaya. Aka wayi gari inda shinkafa take kore shar ya zama fari fat har iyakar gani, kan bishiyoyi kawai ke leƙowa. Shinkafa tana son ruwa a ƙafarta, amma idan ya rufe kanta ya daɗe, ruɓewa take yi. Wannan ya daɗe. A jihar Jigawa kaɗai an rasa fiye da mutum 100 a daminar. A faɗin Najeriya hukumomi sun ƙirga fiye da 600, da fiye da mutum miliyan 1 da suka bar gidajensu, ambaliyar da ba a ga irinta ba tun 2012.

Ba ni na kawo ruwa ba, kuma ko me na rubuta shinkafar fadama ba za ta tsira ba. Wannan gaskiya ce, mutane da yawa sun faɗa mini ita don su sanyaya mini rai. Amma akwai asarar da ta rataya a wuyana. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana cikin waɗanda suka karɓi taki bashi bayan sun ji muryata. Da ban yi magana ba, da shinkafa kawai zai rasa. Yanzu ya rasa shinkafa, ya rasa taki, bashi kuma yana nan. Na same shi a kan tudu inda suka kwashe kaya, yana gyara igiyar akuya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, ni na ce ku zuba." Ya ce, "Kai ka ce, ni na zuba. Allah ya riga ya rubuta. Tashi." Bai ƙara ko kalma ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. Sai dai na ga an sayar da ɗan bijimin da yake turke don auren 'yarsa, aka ɗaga bikin zuwa wata shekara. Na ba da abin da zan iya daga albashina, bai kai rabin bashin ba.

Da ruwa ya janye na koma kan littafin, ina neman inda na kauce. Lambobin daidai suke. Karatun da na yi musu ne ba daidai ba.

Jimillar wata tana ɓoye abu mai yawa. Milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita, wato lita 10,000 a kan hekta guda. Idan milimita 100 ya sauka kaɗan-kaɗan cikin mako biyu, ƙasa za ta shanye, shuka ta ji daɗi. Idan ya sauka a dare ɗaya, lita miliyan 1 ce a kan kowace hekta, kuma mafi yawanta kwari za ta nufa. A takarda duka biyun 100 ne. Haka kuma ruwan Yuni da na ƙarshen Agusta ba ɗaya ba ne ko da awonsu ya zo daidai. A Yuni ƙasa na da ƙishi. A ƙarshen Agusta kamar randa ce da ta cika fal, ko moɗa ɗaya ka ƙara sai ta zubo. Ban rubuta komai game da cikar ƙasa ba, alhali rijiyoyin garin sun taso har ana ɗiba da hannu, na kuma gani da idona.

Sannan ma'auni ɗaya ba ya wakiltar yanki. Hadarinmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, ya jiƙa wannan gari ya tsallake wancan. Kowa ya san ana iya yin ruwa a kasuwa a bar unguwar bayan gari a bushe. Na rubuta "yankinmu" a saman takarda, abin da ke ƙasa kuwa labarin bayan gidana ne. Ina da abokan aiki a Wudil da Rano da Ringim, lambobinsu na cikin wayata. Kiran minti kaɗan ya isa in ji cewa a can ba a sarara ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gargaɗi ya zo, kuma na gan shi. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA mai lura da koguna kuma takan fitar da nata na ambaliya. Na NIHSA na 2022 ya sanya ƙananan hukumomi 233 a jihohi 32 da Abuja cikin babban haɗari, Jigawa na ciki. Na karanta shi kafin shuka, na ce ai kowace shekara haka ake faɗa, na ajiye. Akwai kuma abin da masana suka daɗe suna nunawa: tun bayan farin 1973 da na 1984 ruwa ya dawo Sahel, amma da wani hali daban. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya gano cewa manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Iska idan ta ƙara ɗumi da digiri ɗaya tana iya ɗaukar ƙarin laima kusan kashi 7 cikin 100. Ma'aunin "abin da muka saba" da na gwada watan da shi, na tsofaffin shekaru ne.

A nan zan ɗan ratse. A lokacin mutane da yawa a garinmu sun ce madatsar Lagdo ta Kamaru ce ta cinye mu, don sunanta ake ta ji a rediyo. Lagdo a kan Binuwai take. Ruwan da aka saki daga cikinta a Satumban 2022 ya bi ta Yola da Makurɗi da Lakwaja ne. Ko ɗigonsa bai shigo kogin Haɗeja ba. Na dage ina gyara wannan a duk inda na ji shi, don wanda ya ɗora laifi a kan kogin da ba nasa ba, ba zai kula da nasa ba.

A taron farko bayan kaka na nemi a ba ni dama kafin a shiga ajanda. Na karanta tsohuwar bitar daga farko har ƙarshe, na nuna jimlolin da na yi kuskure a cikinsu, na faɗi dalili. Na juya wajen dattijon nan na ce, "Baba, ka faɗa mini gaskiya a gaban jama'a ban karɓa ba. A gabansu nake neman afuwarka." Ya ce, "Ba komai, ɗana. Kai sama kake kallo, ni ruwa nake kwana a kai." Wasu sun ce in daina rubutun gaba ɗaya. Na yi tunanin hakan sosai. Shugaban ƙungiya ya ce idan na daina, mutane ba za su daina neman wanda zai gaya musu ba, za su koma wa jita-jitar waya ne kawai. Na ci gaba.

Amma bitar ta canza. Yanzu kogi ke zuwa farko, sama ta biyo baya. Mun kafa doguwar sanda a mashaya muka yi mata zane da fenti, jikan dattijon yana duba ta safe da yamma daga Yuli zuwa Oktoba ya turo mini. Kafin in rubuta kalma ɗaya sai na kira na sama da mu na ji halin da suke ciki, da ko madatsu sun fara zubar da rara. Ina rubuta ruwa mafi yawa da ya sauka a yini guda, ba jimilla kaɗai ba, ina kuma duba zurfin rijiya. Na raba takardar biyu da layi mai kauri: abin da ya faru, wanda na auna, da abin da nake zato, wanda nake faɗa da sunansa na zato. Bitar Agusta kuwa ba na rufe ta a ƙarshen wata; ina bin ta da ƙarin bayani kowane mako har kogi ya fara sauka. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, wani kogi ne daban, amma watan ɗaya ne, bayan marka, lokacin da ake ganin an tsallake. A wannan makon sau da yawa na tura saƙo ba tare da jiran ranar taro ba.

Shawarar taki ita ce na fi taka-tsantsan da ita. Nakan faɗi lokacin da shinkafa ke buƙatarsa, in faɗi inda ruwa ya kai a jikin sanda, in ce wa mai gona a can ƙasan fadama kada ya ci bashi a kan abin da kogi bai gama yanke hukunci a kansa ba. Muna gwada irin FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017 don jure nutsewa na ɗan lokaci, ko da yake su ma ba sa jure ruwan da ya zauna wata guda. Aikin jinga kuma an mayar da shi rani, ba a ƙara haɗa shi da yankan gero.

Kawu ya gama biyan bashinsa da noman rani. Akwai waɗanda suka daina sauraron bitar tun shekarar ambaliyar, cikinsu har da maƙwabcin gonarsa, wanda asararsa ta fi ta kowa. Ban ga laifinsa ba. Na aika masa ta bakin ɗansa cewa ko bai saurari tawa ba, ya riƙa tambayar masunta halin kogi kafin ya zuba taki. An ce mini yana tambaya.